Lasisin Sayar da Barasa a Arlit da Akokan

Dokar Jamhuriyar Nijar ba ta haramta sayar da barasa ba, amma kuma ba ta sake ta kamar cinikin shinkafa ko sabulu ba. Sana'a ce da ake yi da izinin hukuma, a wurin da ta amince, a lokutan da ta ƙayyade, da haraji na musamman a kanta. Tsarin ɗaya ne daga Gaya har Bilma. Sai dai a Arlit da Akokan, garuruwan ƙarfen yuraniyom na jihar Agadas, batun ya fi fitowa fili, domin garuruwa ne da albashi ya kafa, kuma baƙi daga ko'ina suka cika su.

A 1957 aka fara gano yuraniyom a Azelik, kusa da Ingal. A 1968 aka kafa kamfanin SOMAIR, garin Arlit ya tashi a 1969 a fili fetal, kimanin kilomita 240 arewa da Agadas, aka fara fitar da ƙarfen a 1971. Kamfanin COMINAK ya biyo baya a 1974, ya gina Akokan ƴan kilomitoci kaɗan daga Arlit, ya soma haƙa a ƙarƙashin ƙasa a 1978. Kamfanonin sun gina unguwannin ma'aikatansu da ruwa da lantarki da asibiti da kantuna, da gidajen shaƙatawa na manyan ma'aikata da na leburori, inda ake sayar da giya a cikin shinge. A wajen shingen kuma wani gari ya tsiro da kansa: ƴan kasuwa, direbobi, makanikai, masu neman aikin da ba su samu ba, da Buzayen da farin shekarun 1970 da 1980 ya raba da dabbobinsu. Unguwannin gefe har yau Bukoki ake ce musu, saboda da bukkoki suka fara. A can ne mashaya masu zaman kansu suka buɗe, da yawansu a hannun mutanen Togo, Benin, Gana da kudancin Najeriya. A zamanin da kasuwar yuraniyom ke ci, mutane kan kira Arlit Paris ta biyu, sunan da Idrissou Mora-Kpai ya sa wa fim ɗin da ya yi a kan garin a 2005.

Ita dokar ta girmi garin nesa ba kusa ba. A taron Brussels na 1890 ƙasashen Turai sun shata wani yanki na Afirka, daga layi na 20 a arewa zuwa na 22 a kudu, inda suka ce za a hana shigar da barasa mai ƙarfi wuraren da ba a saba da ita ba, a kuma ɗora mata haraji a sauran wuraren. Yarjejeniyar Saint-Germain ta 1919 ta ƙara ɗaure wannan. Filin da Arlit ke zaune yana cikin yankin, dab da bakinsa na arewa. Ingila da Faransa sun bi hanyoyi dabam. A Arewacin Najeriya Turawan Ingila sun hana sayar wa ƴan ƙasa barasar Turai, cinikin ya tattara a unguwannin baƙi irin Sabon Garin Kano da na Zariya. Faransa kuwa ta shimfiɗa wa ƙasashen da ta mallaka tsarinta na gida: kowace mashaya da takardar izini, da wuraren da ba a buɗewa kusa da su, da hukuncin buguwa a bainar jama'a. Nijar ta gaji wannan a 1960, ba ta kuma sauya ginshiƙinsa ba.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna kusan kashi 99 cikin ɗari na ƴan Nijar Musulmi ne, kuma ƙasar tana cikin waɗanda aka fi ƙarancin shan barasa a duniya. Hukuncin addini a kan giya ba ɓoyayye ba ne: shanta haramun ne, haka sayar da ita da cin kuɗinta, kuma lasisin gwamnati ba ya halatta abin da shari'a ta haramta wa Musulmi. Amma tsarin mulkin 2010 ya raba addini da gwamnati, kuma ko da sojoji suka jingine shi a watan Yulin 2023, cinikin bai zama laifi ba. Nan ne bambancin Nijar da jihohin Arewacin Najeriya da suka ƙaddamar da shari'a tun daga Zamfara a 1999, inda hukumar Hisbah ta Kano ke fasa kwalabe a gaban jama'a. Don haka ya kamata a fahimci lasisi a matsayinsa na linzami. Da shi ne hukuma ke sanin wane ne ke sayarwa, a ina, wa yake sayar wa, da kuma wanda za ta kama in abu ya ɓaci. Ya shafi mai mashaya, ya kuma shafi maƙwabcinsa da bai taɓa kusantar kwalba ba.

Abin da jama'a ke kira lasisi a dunƙule, a gaskiya takardu uku ne daga ofisoshi uku, kuma yawancin rigingimu daga cakuɗa su suke tasowa.

Ta farko ita ce ta zama ɗan kasuwa a idon doka. Nijar tana cikin ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa a Port-Louis a 1993, inda ƙasashe 17 ke amfani da dokar kasuwanci iri ɗaya. Dokar ta ce duk wanda ya fara kasuwanci ya yi rajista cikin watan farko a kundin ƴan kasuwa da ake kira RCCM, wanda ke ofishin magatakardan kotu. Arlit tana da babbar kotu tata, saboda haka ba sai an je Agadas ba. Ana buƙatar katin ɗan ƙasa ko fasfo, takardar zama, shaidar mallakar wurin ko ta haya, da rantsuwa a rubuce cewa ba a taɓa hana mutum kasuwanci ba, wadda zai cika cikin kwana 75 da takardar kotu mai nuna ko an taɓa ɗaure shi, wato kaziye. Yaron da bai kai shekarun girma ba ba ya zama ɗan kasuwa. Haka ma'aikacin gwamnati, lauya, notaye da makamantansu: doka ta ce aikinsu da kasuwanci ba sa haɗuwa. Wannan ne ya sa ake samun shagon da kuɗin na wani ne, sunan na ƙaninsa ko na matarsa. Dabarar tana da haɗari ga mai sunan, domin ranar da aka zo da tara ko sammaci, wanda ke rubuce a takarda ake nema. Bayan RCCM sai lambar haraji, NIF, daga ofishin lanho, sannan rajista da asusun kare ma'aikata na CNSS ga wanda zai ɗauki ma'aikata. Baƙon da ba ɗan Nijar ba yana da ƙarin takardun zama da na izinin sana'a, kuma tun da Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar CEDEAO a watan Janairun 2025, ɗan Najeriya ko Gana ba shi da dalilin yin sakaci da su.

Duk wannan bai ba mutum ikon buɗe ko kwalba ɗaya ba. Ikon yana cikin takarda ta biyu, izinin buɗe wurin sayar da abin sha, kuma ita ce mai wuya. Tana hannun hukumomin mulki da ke ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida. Mai nema yakan rubuta buƙatarsa da tambur, ya haɗa da takardunsa da bayanin wurin, ta bi ta ma'aikatar magajin gari da ofishin perefe. Tun watan Afrilun 2024 da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, kantomomin da gwamnati ta naɗa ne ke riƙe da aikin magadan gari. Kafin a sa hannu ana binciken abu biyu, mutumin da wurin. Ƴan sanda ko jandarmomi su duba halinsa da tarihinsa. Jami'an tsabta, waɗanda aikinsu ya samo tushe daga dokar tsabtar jama'a ta 1993, su duba makewayi, ruwa, magudana da inda ake zubar da shara. Sannan a duba abin da ke kewaye da gidan, domin tsarin ya keɓe wuraren da ba a yarda mashaya ta matse su ba: masallaci da coci, makaranta, asibiti, maƙabarta, barikin soja.

Wannan sharaɗi na wuri shi ne ya fi kayar da masu nema a garuruwan ma'adinai. Unguwannin kamfani an zana su a takarda kafin a aza tubali, an ware wurin kwana, na kasuwa da na shaƙatawa. Garin da ya tsiro a waje kuwa ba wanda ya zana shi. Masallacin unguwa, makarantar allo, garejin gyaran mota da gidan haya duk katanga ɗaya ta raba su, kuma a Bukoki akwai gidaje da yawa da ba su da takardar fili. Wanda ba shi da shaidar mallaka ko yarjejeniyar haya a rubuce ya faɗi tun a matakin farko. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kama haya, a yi gini, a sayi firji da kujeru, sannan a tafi neman izini. Daidai shi ne a fara kai wa hukuma bayanin wurin, a ji ta bakinta, a kuma tabbata mai gidan ya rubuta cewa ya san sana'ar da za a yi a gidansa. Masu gidaje da yawa a Arlit ba za su yarda ba, kuma suna da iko.

Izinin ba iri ɗaya ba ne. Tsarin da aka gada daga Faransa ya bambanta wurin da ake zama a sha da wanda ake saya a tafi da ita, ya bambanta mai sari da mai sayarwa ɗai-ɗai, ya kuma bambanta giya mai sauƙi da barasa mai ƙarfi irin wiski da jin. Otal ko gidan abinci da ke kawo abin sha tare da abinci yana da tasa hulɗar da ma'aikatar yawon buɗe ido. Mai izinin sayarwa a tafi da ita, in ya jera benci a bayan shago, ya fita daga abin da aka ba shi, ko da takardarsa tana rataye a bango.

Takarda ta uku ta kuɗi ce. Kundin haraji na 2012 ya tanadi wani haraji na shekara-shekara da ake kira kuɗin lasisi, wanda masu sayar da barasa kaɗai ke biya, a kan harajin sana'a da kowane ɗan kasuwa ke biya, wanda har yau mutane ke ce wa fatanti. Ƙananan ƴan kasuwa suna biyan haraji dunƙulalle gwargwadon cinikinsu, manya kuma suna riƙe cikakken lissafi. Dokar kasafin kuɗi ta kowace shekara tana iya taɓa adadin, saboda haka ofishin lanho ne wurin tambaya a farkon shekara. Abin lura shi ne rasit ɗin lanho shaidar biyan kuɗi ce kawai. Mutum yana iya biyan kuɗin lasisi shekara da shekaru, ranar da aka zo bincike a rufe shagonsa don ba shi da izinin buɗewa, kuma rufewar tana kan doka. Kaso mai yawa na waɗannan haraji yana komawa asusun ƙaramar hukuma. Tun 2006 dokar ma'adinai ta ware wa ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da gwamnati ke samu, amma kuɗin ya sha makara, kuma idan ya makara idon ma'aikatar magajin gari kan koma kan ƙananan harajin cikin gari.

Akwai kuma harajin da mai mashaya ke biya ba tare da ya ga takardarsa ba, domin yana cikin farashin kwalbar tun kafin ta iso. Ƙungiyar UEMOA, ta ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, ta ƙayyade a 2009 cewa harajin musamman na barasa ya kasance tsakanin kashi 15 da kashi 50 cikin ɗari. A kansa akwai harajin TVA na kashi 19, da kuɗin duwan ga abin da aka shigo da shi. Shekaru da yawa kamfanin Braniger na Yamai, wanda aka kafa a 1967, shi ne ke yin giyar gida mai hoton raƙumin dawa, wadda ake yi wa laƙabi da Konjonktir. A 2019 kamfanin ya sanar da rufewa saboda asara, kasuwar ta ƙara dogara da kayan waje. Iyakar Benin da aka rufe bayan juyin mulkin 2023 ta karkatar da kaya zuwa tashar Lome da hanyar Burkina Faso, sannan daga Yamai zuwa Arlit akwai kimanin kilomita 1,200, rabinsu a kan hanyar yuraniyom ta Tawa zuwa Arlit wadda ta lalace ƙwarai. In aka ƙara kuɗin sanyaya kaya a garin da zafi ke wuce digiri 40, da wutar da ke zuwa daga tashar gawayi ta SONICHAR kusa da Cirozerin, za a gane dalilin da ya sa kayan sumoga ke jan hankali. Amma katan ɗin da ba shi da takardar saye daga dillali mai rajista, in duwan suka same shi, kamawa ne da tara, kuma yana iya jawo wa izinin kansa matsala.

Bayan an buɗe, kundin hukunta laifuka na 1961, wanda aka yi wa babban gyara a 2003, shi ne ke tsaye a bakin ƙofa. Ya hukunta wanda aka samu a buge a titi ko wurin taruwar jama'a. Ya kuma hukunta mai mashayar da ya ƙara wa wanda ya riga ya bugu, ko ya ba yaron da bai kai shekara 18 ba. Wannan na biyu ya cancanci a tsaya a kansa. Tun 2014 da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten, Arlit ta zama zangon samari masu tafiya da masu dawowa, wasu da kuɗi a aljihu karo na farko a rayuwarsu, da yawansu ba su da katin shaida. Ga kuma baƙin haure masu nufin Aljeriya ta Asamaka, da waɗanda aka koro daga can. Mai mashayar da ya ce bai san shekarun yaro ba bai kawo uzuri ba, tambayar aikinsa ce. Ƙwayoyi irin tramol suna ƙarƙashin dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 1999, wadda hukuncinta ya fi tsanani nesa, kuma gidan da aka bari ana cinikinsu a ciki ya jefa mai shi cikin wannan dokar. Ma'aikata kuma, waɗanda galibi mata ne baƙi da ba su san kowa a gari ba, dokar ƙwadago ta 2012 ta ba su haƙƙin albashi da hutu da rajista kamar kowane ma'aikaci, haƙƙin da aka fi tauyewa a wannan sana'a. Lokacin rufewa da ƙarar kiɗa suna hannun hukumar gari da ta jiha, waɗanda ke iya sauya su saboda tsaro ko lafiya. A watan Maris na 2020, lokacin annobar korona, an rufe dukkan mashaya da gidajen rawa na ƙasar da umarni ɗaya.

Game da taimako, babu wani tallafi da aka ware wa wannan ciniki, kuma ba abin mamaki ba ne. Abin da ke akwai shi ne taimakon da kowane ɗan kasuwa ke samu. A 2012 aka kafa Maison de l'Entreprise a ƙarƙashin majalisar ƴan kasuwa da masana'antu ta Nijar, don a haɗa rajistar kotu, lambar haraji da ta CNSS a taga ɗaya, kuma majalisar tana da reshe a Agadas. Tagar tana gama takarda ta farko ne kawai, ba ta ba da izinin mashaya. Gyaran da aka yi wa dokar OHADA a 2010 ya ƙirƙiro matsayin ƙaramin mai sana'a, wanda sanarwa kawai yake yi maimakon cikakkiyar rajista, da lissafi mai sauƙi. Dokar ta kuma kare ɗan hayan da ya yi shekara biyu yana sana'a a wuri bisa sharuɗɗan yarjejeniya: yana da haƙƙin a sabunta masa haya, ko a biya shi diyya in ba shi da laifi. Akawu mai rajista da notaye suna taimakawa wajen lissafi da yarjejeniya. Bankunan da ke bin tsarin Musulunci ba sa ba da jari ga cinikin barasa. Matsala mafi girma ita ce harshe, domin takardun duk da Faransanci ake cika su, ko da yake kundin mulkin da sojoji suka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa. A wannan giɓin ne ƴan tsakani ke cin abinci, masu cewa a kawo kuɗi su fito da takarda. Kuɗin da aka biya ba rasit na baitulmali, ba a biya shi ba.

Maƙwabta ma suna da hanya a cikin tsarin. Wanda hayaniya ko faɗa ko shigar yara ya dama yana iya kai ƙara ta hannun mai unguwa zuwa ma'aikatar magajin gari, ko kai tsaye ga ƴan sanda ko perefe, kuma hukumar da ta ba da izini tana da ikon dakatar da shi ko janye shi. Ƙarar da aka rubuta, da kwanan wata da sa hannun mutanen unguwa, ta fi wadda aka faɗa da baki tasiri. Inda aka bar wannan hanya, tarihin ƙasar ya nuna abin da ke biyowa. A watan Nuwamban 2000, lokacin zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA, an ƙone mashaya a Maraɗi. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan zanen Annabi da jaridar Charlie Hebdo ta buga, an ƙone coci-coci da mashaya a Damagaram da Yamai, aka rasa rayuka. Lasisi bai tsare ko ɗaya daga waɗannan gidaje ba, amma mai takarda shi ne ke da bakin kai ƙara da lissafin asararsa a gaban hukuma. Masu dafa burkutu a gida da masu sayar da barasar jarka da ba a san abin da aka zuba mata ba suna wajen tsarin gaba ɗaya, kuma a nan ne haɗarin guba ya fi yawa.

Izinin yana ɗaure da mutum da kuma wuri. Ba a sayar da shi tare da firji da kujeru, ba a kuma ɗauke shi daga Akokan zuwa Arlit kamar kaya. Sabon mai shi ko sabon wuri yana buƙatar komawa gaban hukuma. Wannan ya zama batu na yau da kullum tun ranar 31 ga Maris 2021, da COMINAK ya daina aiki bayan ya fitar da kimanin tan 75,000 na yuraniyom, ma'aikata wajen 600 da ɗaruruwan ƴan kwangila suka rasa aiki. A watan Yunin 2024 gwamnati ta janye izinin haƙar yuraniyom a Imuraren daga kamfanin Orano na Faransa, a watan Yunin 2025 kuma ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. Duk lokacin da albashi ya girgiza a waɗannan garuruwa, shaguna na rufewa, masu su na komawa garuruwansu. Dokar OHADA ta ce wanda ya daina kasuwanci ya nemi a soke sunansa daga RCCM cikin wata ɗaya, ya kamata kuma ya sanar da ofishin lanho da CNSS a rubuce, ya adana takardun lissafinsa, waɗanda doka ta ce a riƙe su shekara 10. Wanda ya sa kwaɗo ya hau mota ba tare da yin haka ba, a littafin hukuma shagonsa yana nan a buɗe, haraji yana ci gaba da taruwa a kan lambarsa ta NIF, kuma zai tarar da bashin ranar da ya je buɗe wata sana'a a Tawa ko Maraɗi.